Ɗacin Tazargade: Tarihin Absint da Gidan Guy na Pontarlier

Duk wanda ya tashi a Jega ko Aliero ko Maiyama ya san ƙamshin tazargade tun bai san kamannin ganyensa ɗanye ba. A busashe muke ganinsa, a ƙulle a shimfiɗar masu kayan yaji da magunguna, kusa da kanumfari da kimba da masoro. Iyaye mata kan jiƙa wa yaro mai zazzaɓi, ana kuma sirace da shi idan mura ta kama. Ɗacinsa kuwa sai wanda ya kurɓa. Masana tsirrai suna kiran danginsa Artemisia, dangi ne mai ɗaruruwan iri, kuma ɗaya daga cikinsu, wanda zan riƙa kira tazargaden Turai, shi ya haifi wata giya mai suna absint. Giyar nan ta rikita Faransa tsawon shekara ɗari, har sunanta ya shiga wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ta hau kan ƙasarmu, alhali mutanen Jega ba su taɓa jin labarinta ba.

Ba tallar barasa na zo yi ba. Hukuncinta a addininmu sananne ne, dokar jiharmu ta Kebbi ma ta hana ta. Abin da ya ja ni shi ne yadda wata al'umma ta ɗora wa ganye laifin da barasa ta aikata, da yadda wani ƙaramin gida ya tsira da gadonsa a garin da manyan attajiran sana'ar suka watse.

Kafin 1790: ganyen magani

Tazargaden Turai ya daɗe a hannun masu magani. Sunansa ya fito a wani kundin likitanci na tsohuwar Masar da ake kira Ebers, wanda aka rubuta wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Girkawa sun kira shi absintiyon, suna jiƙa shi don ciwon ciki da tsutsar hanji. Larabawa suka karɓi sunan suka ce afsantin, Ibn Sina ma ya kawo shi cikin magungunan da ya lissafa a Alƙanun. Har gobe a Maroko, idan sanyi ya shigo na'a-na'a ya yi wuya, sukan jefa reshen wani ɗan uwansa da suke kira shiba a cikin shayi.

Dabarar tace abu da tururi ita ma ta bi ta hannun Musulmi kafin ta zauna a Turai. Malamai irin su Alkindi sun yi rubutu a kan yadda ake fitar da ruwan wardi da turare: a dafa abu a rufaffiyar tukunya, tururi ya bi ta bututu, ya huce, ya ɗigo a wani mazubi. Sunan tukunyar da Faransanci, alambik, daga Larabci yake, al-anbiƙ. Abin dariya ma, kalmar alkohol da Turawa ke kiran barasa da ita asalinta al-kuhl ce, wato kwallin da matanmu ke sawa a ido. Ga ganye, ga tukunya, amma ƙarni da yawa suka wuce ba wanda ya mayar da haɗuwarsu kasuwanci.

1792 zuwa 1805: likita, 'yan gidan Henriod, da suruki

A nan sai an bambance abin da ake faɗa da abin da aka rubuta. Ana cewa wani likita Bafaranshe, Pierre Ordinaire, ya gudo daga rikicin juyin juya halin Faransa ya zauna a ƙauyen Couvet, cikin kwarin Travers a ƙasar Suwizalan, kuma wajen 1792 ya haɗa wani koren magani yana yawo da shi a kan doki yana ba marasa lafiya. Wai da zai mutu sai ya bar sirrin haɗin ga wasu mata 'yan gidan Henriod. Wani ƙaulin kuma ya ce ƙarya ne, matan gidan Henriod sun riga likitan, a lambunsu suke shuka ganyen suna tacewa a ɗakin girki, shi dai kawai ya taya su yaɗa shi. Ni na fi karkata ga ƙauli na biyu. Mu ma nan mun san yadda maganin tsohuwa kan koma na malam da zarar ya yi suna.

Abin da takardu suka tabbatar ya fara daga 1797. A shekarar nan wani ɗan kasuwa da ake kira Manjo Dubied ya sayi haɗin, shi da ɗansa Marcellin da surukinsa Henri-Louis Pernod suka kafa matata a Couvet. Da suka ga masu saye sun fi yawa a tsallaken iyaka, kuma kuɗin fito na kwastan ɗin Faransa yana cinye riba, sai Pernod ya yi abin da kowane ɗan kasuwar bakin iyaka zai gane: a 1805 ya ƙetara ya kafa tasa matatar a Pontarlier, cikin Faransa, 'yar tafiya kaɗan daga Couvet. An ce da tukwane biyu ya fara, yana samun lita 16 a yini.

Pontarlier ƙaramin gari ne a kan duwatsun Jura, fiye da mita 800 sama da teku, a bakin kogin Doubs. Yau ma mutanensa ba su kai 20,000 ba. Wuri ne mai tsananin sanyi, inabi ba ya yi a can, amma tazargade yana son ƙasar kamar yadda albasa ke son fadamar Aliero. A daidai lokacin da Pernod ke ɗora tukwanensa, nan ƙasarmu jihadin Shehu Usmanu yana shekara ta biyu. Jega kanta ba a kafa ta ba tukuna. Sai wajen 1820 Buhari ɗan Abdussalami, wanda iyayensa mutanen Gimbana ne, ya kafa ta.

1830 zuwa 1890: soja da ƙwaro

Abu biyu suka ɗauke absint daga maganin ƙauye suka mayar da ita abin shan ƙasa, kuma babu ɗaya a cikinsu da gidan Pernod ya shirya.

Na farko yaƙi ne. A 1830 Faransa ta faɗa wa Aljeriya, Amir Abdulƙadir ya tsaya musu a gaba har zuwa 1847. Zazzaɓi da atuni sun kashe sojojin Faransa fiye da yadda harsashi ya kashe su. Sai aka riƙa ba su absint su ɗiga a ruwan sha, da zaton za ta kashe ƙwayar cuta ta kuma kare su daga zazzaɓi. Zaton bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai sun kama ɗan uwan da ba shi ba. Ganyen da ke da maganin zazzaɓin cizon sauro wani tazargade ne daban da Sinawa suka daɗe da sani, wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka ciro sinadarin atemisinin daga cikinsa a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Shi ne tushen ƙwayoyin da ake rubuta mana a asibiti yau. Na Turai bai warkar da sojan ba, ya dai koya masa sha. Da suka koma gida, hafsoshi suka riƙa zama a shagunan shan shayi na Faris da Marseille suna neman abin da suka saba da shi. Masu kuɗi suka kwaikwayi hafsoshi, har ya zama ƙarfe biyar na yamma ana kiranta koriyar sa'a, ita kuma giyar aka yi mata laƙabi da koriyar aljana. Duk inda tutar Faransa ta je a Afirka da Asiya, akwatunan absint na biye da ita.

Na biyu ƙwaro ne. Daga 1863 wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya fara cin saiwar inabi. Cikin shekara ashirin zuwa talatin ya lalata kaso mai yawa na gonakin inabin Faransa. Giyar inabi, wadda talakan Faransa ke sha kamar yadda muke shan fura, ta yi tsada. Masu absint kuwa suka daina dogaro da barasar inabi suka koma ta hatsi da ta wata saiwa da Turawa ke yin sukari da ita, mai arha ƙwarai. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Lebura ya tarar kofin absint ya fi kofin giyar inabi sauƙi, ga shi kuma ya fi bugarwa nesa ba kusa ba: giyar inabi barasarta ba ta cika wuce kashi 12 cikin ɗari ba, absint kuwa daga kashi 45 take har 72. Alƙaluman da aka saba kawowa sun ce a 1874 Faransawa sun sha kimanin lita 700,000, a 1910 kuma lita miliyan 36.

Masu zane da mawaƙa sun taimaka wajen ba ta kwarjini. Manet ya zana mashayinta a 1859, alƙalan baje kolin Faris suka ƙi karɓar hoton. Degas ya zana wata mace zaune shiru gaban kofinta wajen 1876, idonta ya mutu. Van Gogh da Verlaine da Toulouse-Lautrec duk sun sha. Mutane suka fara cewa tana buɗe basira tana nuna wa mutum abin da ido ba ya gani. Wannan zance ya sayar da kwalabe da yawa, kuma shi ne daga baya ya zama igiyar da aka rataye ta da shi.

1890: shekara ɗaya, labari biyu

A 1890 wani saurayi mai suna Armand Guy, bai daɗe da cika shekara ashirin ba, ya kafa ƙaramar matata a titin Lavaux na Pontarlier. Ya shigo kasuwar da ta riga ta cika. Gidan Pernod ya zama dodo, yana fitar da dubban litoci kowace rana, kuma ya ma daina zama na iyali, domin a 1888 ya koma hannun gidan Veil-Picard, masu banki daga Besançon. Zuwa farkon ƙarni na 20 matatu fiye da ashirin ke aiki a garin da kewayensa, dubban mutane na ci daga sana'ar, daga manomi zuwa mai wankin kwalba. A cikin wannan taro Armand Guy ɗan ƙaramin kifi ne.

Ya kamata a tsaya a ga yadda ake aikin, domin a nan ne iri-irin absint suka rabu. Ginshiƙinta tsirrai uku ne: tazargaden Turai, da yansun, da shammar, waɗanda biyun ƙarshe duk mai shiga kantin magungunan Musulunci ya san su. Ana jiƙa su cikin barasa mai ƙarfi, a ƙara ruwa, a ɗora a tukunyar jan ƙarfe. Tururin da ya tashi yana ɗauke ƙamshi ya bar mafi yawan ɗacin a gindin tukunya. Abin da ya fara ɗigowa da abin da ya zo ƙarshe ana ware su, tsakiyar ake so, kuma sanin inda za a yanka shi ne gadon da uba ke koya wa ɗa. Abin da ya fito fari ne tas kamar ruwa. Idan aka bar shi haka, ita ce farar absint. Idan kuma aka sake jiƙa wasu ganyaye a ciki, wani ƙaramin tazargade marar ɗaci sosai da wasu tsirrai dangin na'a-na'a, sai ta ɗauki launin ganye, ita ce koriya. Koren nan ba ya zama. Da kwalba ta daɗe sai ya koma launin busasshen ganye, kuma masana sukan ɗauki hakan shaidar cewa ba rini aka sa ba.

A kasuwar wancan zamani an jera ta hawa-hawa: ta gama-gari, da matsakaiciya, da mai kyau, da wadda ake kira ta Suwizalan, wadda ba lallai a can aka yi ta ba, suna ne na mafi ƙarfi da tsabta. Ba a shanta tsura. Ana ɗora cokali mai huda a bakin kofi, a sa ƙwayar sukari, a riƙa ɗiga ruwan sanyi har ya ninka ta sau uku zuwa biyar. Man yansun ba ya narkewa a ruwa, don haka sai kofin ya turnuƙe ya yi fari-fari kamar tsarki.

A ƙasan duk waɗannan akwai wata wadda ba ta ga tukunya ba sam. 'Yan algus a unguwannin talakawan Faris sukan sami barasar masana'anta mafi arha, su zuba man ganye, su sa gishirin tagulla don ta yi kore, su ƙara sinadarin antimoni don ta turnuƙe. Guba ce ƙarara, kuma ita talaka ya fi sha.

Labari na biyu na 1890 ya fi kusa da mu. A watan Yuli na shekarar, ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a Brussels. Cinikin bayi ne kan gaba a cikinta, amma ta kuma shata wani yanki na Afirka, daga digiri 20 arewa zuwa 22 kudu, ta ce duk inda mutane ba su saba da tatacciyar barasa ba, saboda addini ko wani dalili, kada a shigar musu da ita. Daular Usmaniyya ta faɗa cikin wannan shaci. Da Lugard ya kafa mulkinsa a Arewa a 1900, Sakkwato ta faɗi a Maris 1903, sai ya riƙe wannan hani. Jega a lokacin babbar kasuwa ce a kan hanyar fataken goro zuwa Gwanja. Gishiri da kanwa da tufafi da dawaki duk suna ratsa ta, amma akwatin jin bai zama hajar kasuwarta ba. Kada dai a ɗauka tsoron Allah ne ya kama Bature. A Kudu, kuɗin fito na jin ɗin Holan da Jamus shi ne kaso mai tsoka na kuɗin shigar gwamnati, kuma da aka haɗe ƙasar a 1914, daga wannan asusu aka riƙa cike giɓin Arewa. Burkutu da fito kuwa, da ake dafawa da dawa a garuruwan da ba Musulmi ba, yarjejeniyar ba ta shafe su ba.

1901 zuwa 1915: gobara, kisa, da doka

Ranar 11 ga Agusta 1901 aradu ta faɗa wa matatar Pernod. Wuta ta kama, kuma da ta kai ga manyan tankunan barasa da garin ya tashi. Wani ma'aikaci ya buɗe su ya sake giyar cikin kogin Doubs. Ana ba da labarin wai sojojin barikin garin sun riƙa ɗiba da hular kwano. Wannan hira ce. Abin da ya tabbata shi ne bayan kwana biyu aka ji ƙamshin yansun a idon wani kogi daban, Loue, a bayan duwatsu. Da haka masana suka gane cewa ruwan Doubs yana nutsewa ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a can. An sake gina matatar, ciniki ya ci gaba. Shekara guda bayan haka Armand Guy, wanda ba shi da ƙarfin gogayya da Pernod a yawa, ya fito da wani abin sha daga tohon itacen da ke rufe duwatsun Jura, mai ganye kamar allura, ya sa masa suna Vert Sapin. Dabarar rashin zuba dukiya a hanya ɗaya ta fara tun daga nan.

Maƙiya kuwa suna taruwa. Tun shekarun 1860 wani likitan mahaukata a asibitin Sainte-Anne na Faris, Valentin Magnan, ya riƙa rufe ɓeran Masar da tsantsar man tazargade, dabbar ta kama farfaɗiya. Wadda aka rufe da barasa kuma ta bugu kawai. Ya yanke cewa akwai wata cuta ta daban da absint ke jawowa. Daga baya aka ɗora laifin kan wani sinadari da ke cikin ganyen, tujon. Gaskiya ne tujon mai yawa yana kawo jijjiga. Amma tsantsar mai daban, abin da ke cikin kwalba daban. Kafin mutum ya sha tujon ɗin da zai kayar da shi, barasar ta riga ta kashe shi. Tun a lokacin wasu likitocin Ingila sun faɗi haka, ba a saurare su ba.

Dalilin rashin sauraron ba ɓoyayye ba ne. Gonakin inabi sun farfaɗo bayan an ɗaura su a kan saiwar Amurka, giya ta yi yawa har farashi ya karye, a 1907 manoman kudancin Faransa suka yi bore. Suna son masu sayensu su dawo. Sai ga abin mamaki: masu yaƙi da shaye-shaye da masu sayar da giyar inabi a dandali ɗaya, suna cewa giyar inabi abinci ce mai gina jiki, absint ce shaiɗaniya. Alhali absint ba ta kai ko kusa da yawan barasar da Faransawa ke sha ta hanyar inabi ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Ranar 28 ga Agusta 1905, a ƙauyen Commugny na Suwizalan, wani leburan gona mai suna Jean Lanfray ya harbe matarsa mai ciki da 'ya'yansa mata biyu. Da safe ya sha kofi biyu na absint. Bayan su ya ɗora giyar inabi mai yawa da burandi, kamar yadda ya saba kullum. Jaridu suka manta da sauran, suka riƙe kofi biyun. An yanke masa shekara 30 a 1906, ya rataye kansa a kurkuku bayan kwana uku. Mutum fiye da 80,000 suka sa hannu a takardar koke. A ƙuri'ar raba gardama ta Yuli 1908 Suwizalan ta haramta absint, dokar ta fara aiki a 1910. Kwango ta riga kowa tun 1898, Beljiyam ta bi a 1906, Holan a 1909, Amurka a 1912.

Faransa ta ja ƙafa saboda haraji. Yaƙi ne ya yanke gardamar. A Agusta 1914, makonni biyu da fara Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka hana sayarwa, ranar 16 ga Maris 1915 kuma majalisa ta mayar da hanin doka. Pontarlier ta durƙushe. Matatar Pernod ta zama asibitin sojoji, daga baya aka sayar wa masu yin cakulan. Yau ginin yana hannun Nestlé, kamfanin nan na Maggi da Milo da ke kowane kanti a Jega, a can suke yin Nesquik.

1919 zuwa 1951: rayuwa ba tare da ganyen ba

Ranar 10 ga Satumba 1919, a Saint-Germain-en-Laye, ƙasashen da suka ci yaƙi suka sabunta dokar barasa a Afirka. A cikinta aka hana shigo da duk tatacciyar giya mai ɗauke da wasu sinadarai da aka lissafa, aka ambaci tujon da absint da sunansu. Ingila ta sa hannu, Faransa ta sa. Ke nan daga Jega har Dosso da Gaya a tsallaken iyaka, koriyar aljana haramtacciya ce a takardar Bature, yayin da ɗan uwanta ke kwance a shimfiɗar mai magani ana saye da anini.

A Pontarlier mafi yawan matatu sun rufe. Sunan Pernod ya ci gaba da yin absint a Tarragona ta ƙasar Sifen, inda ba a hana ba. Gidan Guy bai yi hijira ba. Da gwamnati ta sassauta a 1920 ta yarda da abin sha na yansun in dai babu tazargade, sai Armand da ɗansa Georges suka fito da Pontarlier-Anis a 1921: tukwanen nan dai, hannun nan dai, an cire ganye ɗaya. Mutanen yankin suka gajarce sunan suna cewa Pont, suka riƙe shi abin garinsu. Ya bambanta da pastis ɗin Marseille da Paul Ricard ya fitar a 1932, domin shi pastis haɗawa ake yi a jiƙa, na Guy kuwa sai ya bi ta tukunya. Ricard ya cika duniya, a 1975 ya haɗe da Pernod suka zama ɗaya daga manyan kamfanonin barasa na duniya. Gidan Guy ya tsaya a titinsa yana sayar wa maƙwabta.

A 1940 gwamnatin Faransa ta Vichy ta ɗora wa shaye-shaye laifin faɗuwar Faransa a hannun Jamus, ta hana irin waɗannan abubuwan sha masu ƙarfi, sai a 1951 aka sake su gaba ɗaya. A ƙetaren iyaka, cikin kwarin Travers, mutane ba su taɓa dainawa ba. A ɓoye suke tacewa, kuma fara suke yi don in jami'i ya gani ya ɗauka wani abu ne. Suka sa mata suna shuɗiya. Haka doka ta ba farar absint sabon suna.

1988 zuwa 2019: dawowa

A 1988 Tarayyar Turai ta ƙayyade yawan tujon da aka yarda da shi a abinci da abin sha, Faransa ta sa hakan cikin dokarta. Ba wanda ya lura da wuri cewa ƙofa ta buɗe: an halatta abin, sunan ne kawai ya rage a haramce. Waɗanda suka fara cin moriya ma ba Faransawa ba ne. A shekarun 1990 aka cika Landan da wata shuɗiyar barasa marar yansun daga ƙasar Cek, aka ƙirƙiro al'adar cinna wa sukari wuta, abin da mutanen Pontarlier ba su taɓa yi ba.

François Guy, tattaɓa-kunnen Armand, shi ya ɗauko tsohon haɗin gidan. Ya yi ta fafutuka da hukumomi, aka sake shuka ganyen a gonakin da ke kewaye da garin, a ƙarshen 2001 absint ta sake ɗigowa daga tukwanen titin Lavaux bayan shekara 86. A kan kwalba dole aka rubuta wani dogon suna na kewaye, wai abin sha mai ɗauke da tsiron absint. Ya yi ta da barasa kashi 45, mafi ƙanƙantar tsohon ma'auni. A daidai wannan lokaci mu nan hanyarmu daban ce: a 2000, zamanin Gwamna Adamu Aliero, Kebbi ta bi sahun Zamfara ta ƙaddamar da shari'a, hanin giya ya koma dokar jiha.

Suwizalan ta janye haninta a Maris 2005, Amurka ta buɗe ƙofa a 2007. A 2008 wasu masana ƙarƙashin Dirk Lachenmeier na Jamus suka samo kwalabe 13 da aka cika kafin 1915 suka auna. Tujon ɗin da ke ciki, a matsakaici, wajen miligiram 25 ne a lita, ƙasa da 35 da dokar yau ta yarda. Ba su sami wani abu da zai bayyana haukan da aka yi ta faɗa ba in ban da barasar kanta. Wannan bai wanke absint ba. Mutanen da Magnan ya gani a asibitinsa da gaske sun lalace, matar Lanfray da gaske ta mutu. Ya dai nuna cewa abin da ya lalata su yana cikin kowace kwalbar da aka bari a kasuwa a 1915.

A 2011 majalisar Faransa ta soke dokar 1915, kuma abin da ya zaburar da ita kishi ne, don mutanen kwarin Travers sun nemi a mallaka musu sunan su kaɗai. Daga baya gidan Guy ya koma hannun Pierre, ɗan François, tsatso na biyar daga Armand, yana fitar da koriya da fara da Pont da Vert Sapin a titin da aka fara. A 2019 Tarayyar Turai ta yi wa sunan absint ɗin Pontarlier rajista. Sharuɗɗan sun ce sai an noma ganyen a yankin, an busar da shi a can, an tace a can, kuma kada tujon ɗin da ke cikin lita ya gaza miligiram 20.